Munduwar Ƙarfen Jirgi

A shekarun da nake koyarwa a lekwal ɗin Maradi, kafin Faransawa su naɗe tutarsu, akwai wani Bature mai sayen gyaɗa da ke da jirgin sama. Kada mai karatu ya kawo a ransa irin manyan nan masu kai alhazai. Wannan ɗan ƙarami ne, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, mazauni biyu, jikinsa ƙyalle ne aka ɗame bisa sandunan ƙarfe aka shafe da fenti. Ranar da na samu na ƙwanƙwasa shi da yatsa, sai ya amsa mini kamar ganga. Na koma aji na shaida wa yara cewa na taɓa ilimi da hannuna.

In Baturen ya rufe kanti da la'asar sai ya tashi. Ba shi da inda za shi, wasa ne kawai. Ya biyo gulbi ƙasa-ƙasa har awaki su tsinke igiya, ya karkata fiffike ɗaya kamar zai share kan gero, ya miƙe sama, ya kife ta baya ya sauko. Wannan kifewar ita mutane ke jira, suna ce mata alkafura. Mata su rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. An ce kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sha hana shi, amma kumandan ɗin ma yakan fito baranda da kofinsa a hannu, don ya tabbatar da idonsa cewa an ƙi bin umarninsa.

Ni a lokacin sabon mushe ne, wato malamin lekwal, da hular kwano irin ta Turawa da alƙalami a aljihun gaba. Na karanta littattafai da yawa, kuma ban yafe wa kowa wannan ba. Ina zaune a Sabon Gari da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da maiɗakina, da ɗiyarmu ta fari. Yarinyar ita ce damuwar gidan. Tsararrakinta duk sun taka, har wasu na bin kaji da gudu, ita kuwa tana nan tana jan gindi a tsakar gida, ga ƙiba ga dariya, ba ta ga dalilin tsayuwa ba. Lokotoro ya duba ta ya ce lafiyarta lau, a yi haƙuri. Inna ta ce haƙuri maganin wanda ba shi da magani ne.

Wata Alhamis da kaka, ranar da ba a lekwal, na hau keke na tafi Tsibiri gaida kawuna. Inna ta riga ni can, ta kwana biyu wajen danginta. Muna tsaye bakin gari, ana ta ɗaurin dammunan gero, sai ga ƙugin jirgin. Kowa ya saki abin da ke hannunsa. Ya zo ya wuce bisa kanmu har muna ganin fuskar Baturen, ya ɗaga mana hannu. Ya yi alkafura ɗaya, aka yi guɗa. Ya ƙara, aka ƙara. Wani tsoho kusa da ni ya ce, “Wanga Bature wata rana sai ƙasa ta riƙe shi.” Na gyara hula na soma yi masa darasi. Na ce babu ganganci a ciki, komai da lissafinsa, Bature ba ya sauko da jirgi sai ya auna tsakaninsa da ƙasa.

Ina cikin wannan bayani ya shiga ta uku. Ya fara ta ƙasa da yadda ya saba. Da ya kifo ya sauko, sararin da zai miƙe a cikinsa ya ƙare. Mun ga hancin jirgin ya ɗan ɗago, kamar jakin da aka ja wa linzami a makare, sai fiffiken ya ci karo da wani babban gawo, ya ɓace bayan itatuwa. Matan ba su daina guɗa ba. Sun saba ya ɓace ya ɓullo ta wani gefe, don haka suka ƙara ƙaimi suna jiran ɓullowarsa. Guɗar ba ta yanke ba sai da hayaƙi ya tashi. Tsohon nan bai ko dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wutar ta cinye ƙyallen da duk abin da wuta ke ci. Hukuma ta zo ta ɗauki gawar cikin akwatin da aka buga wa ƙusa nan take, ta ɗauki injin, ta bar gardi ɗaya ya tsare sauran. Gardin mutum ne mai dangi da abokai. Kafin mako ya zagayo, ko ƙusa babu a gonar. Sandunan baƙin ƙarfe suka tafi maƙera aka yi kayan noma. Farin ƙarfen nan mara nauyi, sanholo, shi ya zama abin rububi. Rabin gari na neman sa don ya taɓa tashi sama, rabi don ya faɗo: 'yan kokawa na binne shi inda abokin karawa zai taka. Aka shiga sayar da ludayi da cokali da zobe na ƙarfen jirgi, har na lura da cewa da duka na gaskiya ne, da jirgin ya kai girman kasuwa.

Na yi wa 'yan ajina huɗuba a kan wannan. Na kira shi jahilci, na kira shi sata daga matacce. Na dawo gida da yamma na tarar da wata farar munduwa a ƙafar ɗiyata ta hagu, mai kai biyu kamar ƙwayar gyaɗa. Ashe Inna ta isa gonar tun kafin gardi, ta tsinci guntun sanholo a gefen kunya, ta ƙulle a zane, ta kai wa wani mai zubin ƙarfe a Jiratawa. Hujjarta gajera ce: ƙarfen da ya iya tashi da ƙato, zai iya tada jaririya.

“Inna, wannan fa abin kunya ne,” in ji ni.

“Mushe,” ta ce, don ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari, “tun yaushe ka san tana da ƙahwa?”

A gidanmu uba ba ya kula ɗan fari a gaban iyayensa. Ba ya ɗaukar sa, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya san ana yi. Uwar ma haka. Yarinyar ta kakarta ce. Ni da ke iya tsayawa gaban allo in ƙaryata camfin ƙasa duka, ba ni da ikon sunkuyawa in taɓa ƙafar ɗiyata Inna na kallo. Na shiga ɗaki na buɗe littafi.

Bayan 'yan makonni darektan lekwal ya kira ni biro, wato ofishinsa. Wata Baturiya na zaune, siririya, da baƙar riga da ta yi mata yawa. Matar mamacin ce. Tana ƙasarsu lokacin da abin ya faru, ta iso ta tarar da kabari a rufe da kayan sawarsa a akwati. Abu ɗaya take so kafin ta bi motar Kano ta koma: guntun jirgin, komai ƙanƙantarsa, ta tafi da shi. Ta ce a cikin jirgin nan ya fi zama shi kansa, riguna ba su gaya mata komai. Darekta ya ce ni zan raka ta in yi mata tafinta, don ni ne malaminsa mafi wayewa, wanda ya fi kowa nisa da irin waɗannan al'adu. Na sunkuyar da kai, ya ɗauka tawali'u ne.

Kamfanin gyaɗar da mijinta ya yi wa aiki ya ba mu mota da direba, wani tsohon soja ɗan garinmu, mai Faransancin bariki da muryar da ba ta san raɗa ba. Muka fara da Tsibiri. Mai gonar, wani dattijo cikin arna manoman kwarin gulbi, ya kai mu gindin gawon. Ya riga ya kwashe toka ya zuba wa taba. Abin da ya rage reshe ne a karye da wani baƙin tabo a ƙasa. Ta durƙusa tana tona ƙasar da yatsunta, ni ina tsaye bisa kanta da hulata, na san sarai inda abin da take nema yake, na san har sautin da yake yi in ya bugi kwano.

Ta ɗago ta tambaye ni ko akwai mutane da yawa ran nan. Na ce akwai. Ta ce, “Yana son haka.” Ta tambaya me mutanen suka yi. Na ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. Mai gonar, da ya gaji da kallon ta tana tono, ya ce a gaya mata ta daina wahala, farin ƙarfen duk Jiratawa ya tafi wajen mai zubi. Direba ya juya mata maganar tun ban buɗe baki ba.

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maradi. Muka wuce ta bakin Sabon Gari, ina hango katangar gidanmu, na mai da ido ɗaya gefen ina nuna mata tarin buhunan gyaɗa, kamar macen da ta zauna da mai sayen gyaɗa ba ta taɓa ganin buhu ba. Fatana ɗaya: mai zubin ya miƙa mata ludayi, ta karɓa, a rabu lafiya.

Mun same shi a rumfarsa, bayan layin masu ginin tukwane, yana narka wata tsohuwar tukunyar sanholo mai huji. Ludaya na jere a tabarma. Da ya ji ko wace ce, ya ajiye awartaki ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata. Sa'an nan ya dubi ludayansa ya yi 'yar dariya.

“Waɗanga na 'yan kasuwa ne. Na gaskiyar tun makon farko ya ƙare, ya watsu ƙauyuka. Ɗan kaɗan ne fa, jirgin duk tsumma ne.” Sai ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe. “A'a! Ba kai ne ɗan tsohuwar nan ta Sabon Gari ba? To mi kuke nema nan? Ai naka na gidanka, Mushe, ita da kanta ta kawo ƙarhenta, a gabanta na zuba. Yaya ƙahwar ɗiyar? Ta taka?”

Madam ta dube ni ta ce me ya ce. Ina tattara wata doguwar jimla mai ƙofofin fita da yawa, direba ya riga ni, da Faransancin da ba ya ɓata lokaci wajen ado: “Ya ce ƙarfen yana gidan mushe. A ƙafar ɗiyarsa.”

Madam ta dubi hulata, ta dubi alƙalamina, ta koma mota ta zauna. Duk hanyar komawa direba na ta ba mu labarin yadda ya ga jirage na faɗowa a yaƙi kamar fara.

Inna na tsakar gida tana tsince wake, yarinyar na gefenta tana jan gindi, munduwar na walƙiya. Maiɗakina ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa ta shige ɗaki. Na bayyana wa Inna ko wace ce baƙuwar. Ta dube ta sama da ƙasa.

“Mijinta ya mutu kwanan nan, tana yawo cikin mota da maza biyu? Ba ta da uwa ne da za ta zaunar da ita takaba?”

“Inna, su ba su yin haka.”

“Allah sarki. Marainiya ce ke nan.” Ta matsa ta kama hannun matar da hannu biyu. “Gaya mata Allah shi ba ta haƙuri. Gaya mata ina wurin. Ka ce mun yi mishi guɗa har sau uku, ko ango bai samu irin ta ba, kuma da ita ya tahi a kunnensa.”

Abin da na ɓoye a gindin gawo ke nan. Direba na tsaye a bakin zaure, ya kafa kunne, don haka babu hanyar ragewa. Na juya maganar yadda take. Madam ta ce mene ne guɗa. Kafin in samo mata fassara daga littafi, Inna ta gane tambayar, ta kama hanci ta rangaɗa ta, gajera, a tsakar gidan da ake ta'aziyya. Na so ƙasa ta tsage. Matar ta rufe ido, sa'an nan ta ce in yi wa tsohuwa godiya.

Daga nan ta nuna ƙafar yarinyar ta ce don me. A rayuwata ban taɓa gina jimlar Faransanci mai tsabta kamar wadda na gina ran nan ba, kuma ban taɓa jin nauyin wata kamar ta ba. Na ce iyalina sun yi imani cewa ƙarfen da ya tashi sama zai sa yaro ya yi tafiya. Ta ce, “Kai fa?” Na ce ni malamin lekwal ne. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Sannan ta roƙa a ba ta munduwar.

Inna ta janyo yarinyar jikinta. “A'a. In an tuɓe ta kafin ƙawata ta taka, aikin ya lalace. Gaya mata nata ya kwanta, ƙarhe ba ya tada shi. Wagga kuwa muna so ta tashi.”

“Inna, hakkinta ne. Na mijinta ne.”

“Na mijinta ne da yana sama. Ni a ƙasa na tsince shi.”

Na tsaya tsakanin mata biyu, kowace na jiran in juya mata maganar ɗayar. Matar ba ta yi gardama ba. Ta dai zauna tana kallon ƙafar, hannayenta bisa gwiwa, ƙasar Tsibiri na nan a ƙarƙashin faratanta. Inna ta ga faratan. Ta shiga juya munduwar, har yatsanta ya tsaya bisa ɗaya daga kawunan nan biyu.

“Kai, soja,” ta ce da direba, “kana da zarto cikin motar taka?”

“Akwai, Inna.”

“Ɗauko. A yanke mata kai ɗaya. Amma a ƙahwa za a yanka, ba a tuɓewa.”

Ya kawo ɗan zarton ƙarfe. Da yarinyar ta ga haƙoransa ta ɓarke da ihu tana harbin iska. Inna ta rungume ta ta baya, amma sai an sami mai riƙe ƙafar. Direba ya dube ni. Madam ma ta dube ni, don a ƙasarsu wannan aikin uba ne. Ni kuwa ga Inna zaune. Na leƙa ƙofar ɗaki, maiɗakina ta saki labule. Duk karatuna bai ba ni ƙarfin taku biyun nan ba. Na tsaya ina juya hular kwano a hannu, ina kallon katanga kamar wanda ya zo awon gida.

“Mi kike jira?” Inna ta ce da matar, da Hausa, ba ta bi ta kaina ba. “Kama nan.”

Matar ta sauko daga tabarma ta durƙusa cikin ƙasa da baƙar rigarta, ta kama ƙafar da hannu biyu, ta sa babban yatsanta tsakanin ƙarfen da fatar don kada zarto ya taɓa yarinyar. Direba ya shiga gogawa yana yi wa yarinyar waƙar bariki. Sanholo ba shi da tauri, amma a wurina aikin ya fi zaman jarrabawa tsawo. Farin gari na zuba bisa hannun matar. Wani wuri zarton ya goce ya ɗan yanke ta, ba ta saki ba. Tana yi wa yarinyar magana a hankali da harshensu, irin maganar da ba a koyar da mu a lekwal ba, ban kuwa fassara wa kowa ba.

Kan ya faɗo cikin ƙasa. Inna ta tsince shi, ta hure, ta ga matar na neman jefa shi cikin jaka haka nan, ta yi tsaki. Ta karɓi hankicinta, ta ƙulle shi a haɓa da irin ƙullin da take wa abin da ba ta son ya ɓata, ta ja da haƙori, ta danƙa mata. Ta sa aka kawo toka aka shafa mata a yankan.

Na raka Madam mota. Ta ba direba hannu, ta ɗaga wa Inna hannu. Ni ta ce mini, “Na gode, malam,” da ladabin da ake wa mutumin da ya nuna maka hanya a tasha. Washegari ta bi motar Kano. Ban sake jin labarinta ba. Darekta ya tambaye ni yadda aka yi, na ce an samu ɗan wani abu wajen wata tsohuwa.

Yarinyar ta taka da sanyin shekarar nan, ranar da ta ga dama, ta bi wata kaza har zaure. Lokotoro ya ce ai ya faɗa. Inna ta ce da ba a rage ƙarfen ba da tuni an wuce wurin, kuma har ta bar duniya, duk lokacin da jikarta ta yi tuntuɓe sai ta ce, “Ba laifinki ba ne, ƙawata, rabonki ne ya tahi ƙasar Turawa.” Munduwar na wajen ɗiyata yanzu, a gidanta na unguwar Zariya, cikin wani kwano da zare da allura. Gefen da aka yanke har yau yana da kaifi. Jikokina in sun tambaya me ya sa kanta ɗaya, sai ta ce su je su tambayi kakansu, ai yana wurin, shi ya riƙe hula.